Haƙoran Kilam: Faɗakarwa Ga Masu Ɗaga Filet a Tudun Wada

Yau da masu walda za mu zanta, da masu sayar da ƙarfe, da direbobin motar ƙugiya da ke sauke musu kaya, musamman na nan Tudun Wadar Zariya. Iyaye mata masu 'ya'ya a shagon walda, ku ma ku matso kusa da rediyo, don maganar ta taɓa yatsu da ƙafafun yaranku.

Wanda ya fito daga Ƙofar Doka ya ratsa Tudun Wada har ya haye Kubanni zuwa Sabon Gari, ba zai rasa ganin tartsatsin walda a bakin hanya ba. Akasarin shagunan ƙyamare da tagogi da gadaje suke yi, ƙarfen da yara biyu za su ɗauka su yi gaba. Amma akwai masu aikin da ya fi wannan nauyi: masu haɗa tankin ruwa da na mai, masu gyaran bodin tifa, masu ƙera injin buga bulo da na niƙa. Su da filet suke aiki, fallen ƙarfen nan mai kauri wanda ba a yi masa ɗaukar hannu. Sai an sa cembulok ko motar ƙugiya, kuma tsakanin sarƙa da filet ɗin akwai wani ɗan ƙarfe mai baki da haƙora da ke cije gefensa. Shi ne kilam, a kansa kuma za mu yi magana yau.

Mu fara da nauyi, don a nan ido ke yaudarar mutum. Filet yana kwance a ƙasa shafal, sai ka raina shi. To ga lissafi. Mai ƙafa 4 da ƙafa 8, wanda aka fi saye, kowace milimita ɗaya ta kaurinsa kilo 23 ce da 'yan kai. Ke nan mai milimita 6 kilo 140 ne. Mai milimita 10 ya kai kilo 234, kusan buhu biyar na siminti a dunƙule wuri guda, ga kuma kaifi a gefe. Mai milimita 20 ya doshi rabin tan. Babban kuwa, mai faɗin mita ɗaya da rabi da tsawon mita 6, in kaurinsa milimita 10 ne, ya haura kilo 700. Mai kalkuleta a waya, ga hanya: tsawo sau faɗi a mita, sau kauri a milimita, sau 7.85. Abin da ya fito shi ne kilo. Maigida, ka sa a rubuta waɗannan lambobi da fenti a bangon shago inda kowane yaro zai gani. "Ai ba shi da wani nauyi" ba awo ba ne.

Yanzu a ɗauko kilam a leƙa cikin bakinsa. A gefe ɗaya akwai ɗan ƙarfe zagayayye mai haƙora, a zaune yake, ba ya zuwa ko'ina. A ɗaya gefen akwai harshe mai lanƙwasa, shi ma da nasa haƙoran, yana juyawa a kan fin. Harshen nan a haɗe yake da zoben da ake rataya sarƙa. Da an ja zoben sama, sai harshen ya juyo ya danne filet a jikin ɗan'uwansa, haƙora su nutse cikin ƙarfe. Akwai kuma ɗan hannu na kulle mai sifirin, wanda ke riƙe harshen a jikin filet kafin a fara ja. Ku riƙe wannan da kyau: ba kullen ne ke ɗaukar kaya ba. Nauyin filet ɗin da kansa ne ke sa kilam ya ciza. Iya nauyi, iya cizo. Wanda ya gane haka, sauran ƙa'idodin ba sai ya haddace ba, da kansu za su zo masa.

Ga wadda ke ba mutane mamaki. Kowa ya san ba a ɗora wa kilam abin da ya fi ƙarfinsa. Lambar tana nan a buge a jikinsa, tan 1, tan 2, tan 3, tare da iyakar kaurin da bakinsa ke karɓa. Abin da ba a cika sani ba shi ne, rashin nauyi ma yana kayar da filet. Yawancin kamfanonin da ke ƙera kilam sun ce kada kaya ya gaza kashi 10 cikin 100 na lambar da ke jikinsa. Wato mai tan 3 yana son aƙalla kilo 300 kafin haƙoransa su shiga yadda ya kamata. To sai ka ji maigida ya ce, "Kai yaro, ɗauko babban nan, ya fi aminci," a maƙala shi a filet mai milimita 6, kilo 140 kacal. Niyyar mai kyau ce, amma haƙora a saman ƙarfe kawai suka tsaya. Filet ya tashi lafiya lau, ya yi lilo sau ɗaya, ya zame. Shagon da ke aiki da filet iri-iri, kilam ɗaya ba zai ishe shi ba, komai girmansa.

Tunda kuma nauyi ne ke riƙe da cizo, duk sa'ad da nauyin ya sauka daga kan sarƙa, cizon ya yi sako-sako. Yaushe ke nan? Lokacin da gindin filet ya daki bodin mota, ko ya hau kan wani ƙarfe ba a lura ba, ko direba ya fizgi kaya sannan ya tsaya cak. Daƙiƙa ɗaya ta isa. Shi ya sa ba a ɗagawa sai an rufe kulle, kuma kilam ɗin da sifirinsa ya mutu ya tashi daga aiki ko da sauran jikinsa na ƙyalli. In filet ya bugi wani abu a hanya, a sauke shi gaba ɗaya, a sake duba zaman kilam kafin a ci gaba.

Bari in kwatanta muku ɗagawa guda yadda ake so. Ga filet a jingine. Yaro ya zo da tsumma da burushin waya ya goge wurin da kilam zai kama, gaba da baya, har ainihin ƙarfe ya bayyana: ba baƙin mai, ba giris, ba laka, ba fenti mai kauri, ba ɓawon tsatsa. Haƙorin da ya ciji ɓawon tsatsa, ɓawon zai ɗaga ya bar filet. Sai a auno tsakiya da tef a yi alama da alli, don in kilam ya kauce daga tsakiya filet zai karkata, ja ya koma gefe. A buɗe kulle, a zura kilam har gefen filet ya taɓo ƙarshen bakin, ba rabi ba. A rufe kulle, a ja zoben da hannu da ƙarfi a ji ya kama. Sannan mai cembulok ya ja a hankali har filet ya bar ƙasa da misalin taƙi ɗaya, ya dakata. Kowa ya zuba ido. Bai zame ba? Bai karkata ba? To bismillah. Mai juya shi da igiya zai juya, daga nesa, ba da tafin hannu ba. In an kai wurin saukewa a shimfiɗa katako, a sauke har sarƙa ta saki, a tokare filet kada ya kife, sannan a buɗe kulle.

Bayan an cire kilam a dubi wurin da ya kama. Mai lafiya yana barin sawun haƙora a jere, kowanne da ɗan raminsa. In kuwa dogon karce ka gani mai sheƙi, to filet ya ja a cikin bakin, Allah ne kawai ya kiyaye. Kada a sake ɗagawa da wannan kilam sai an gano dalili.

Filet ɗaya ake ɗagawa a tsaye, ba biyu ba, komai sirantarsu. Na san kuɗin motar ƙugiya na tafiya, direba kuma yana da wani aikin a Samaru. Amma in ka haɗa biyu, kowanne fuska ɗaya kawai haƙori ya taɓa, tsakaninsu kuwa santsi ne zalla. Dogon filet kuma kilam biyu yake so, a rataye a jikin sandar ƙarfe mai raba su, yadda kowanne zai ja sama sak.

Akwai kilam na ɗaukar filet a kwance. Shi ƙirarsa daban ce, kuma ƙarfe ɗaya ba ya amo: bibbiyu ake sa su suna fuskantar juna, in filet dogo ne a sa huɗu. A lura, lambar da ke jikin irin wannan sau da yawa ta su biyun ce a haɗe, ba ta guda ɗaya ba. Filet marar kauri kan lotsa a tsakiya in an ɗaga shi a kwance, gefensa ya suɓuce daga baki. Sarƙa ma kada ta yi gajarta har ƙafafunta biyu su wage. In kusurwar da ke tsakaninsu ta kai digiri 120, kowace ƙafa cikakken nauyin kayan take ja, ba rabi ba.

Sai maganar tauri, wadda ta fi shafar masu bodin tifa da masu gyaran bokitin katafila. Haƙori ba ya shiga abin da ya kai shi tauri. Filet na gama-gari yana da laushin da zai karɓi cizo. Amma akwai mai jure gurza, irin Hardox na kamfanin SSAB da ke ƙasar Suwidin, wanda ake sa wa lamba 400, 450 ko 500 gwargwadon taurinsa, alhali kilam na yau da kullum akasari iyakarsa ba ta wuce wajen 350 a wannan ma'auni ba. Irin wannan filet yana da kilam nasa na musamman. Mu a nan matsalarmu ita ce sau da yawa ba mu san asalin abin da ke hannunmu ba. Masana'antar ƙarfe ta Ajakuta da aka fara ginawa sama da shekara 40 da suka wuce har yau ba ta wadata mu da filet ba. Sabo daga waje yake shigowa ta Legas, wani kuma yankan tsohon tanki ne ko tsohon inji daga hannun 'yan gwangwan, ba takarda ba tarihi. To ga ɗan gwaji: goga magagari a gefensa. In ya ci ƙarfen, madalla. In ya riƙa zamewa yana ƙara bai bar komai ba, haƙorin kilam ma haka zai yi. A nemi wata hanyar ɗauka. Haka nan filet da aka yanka da wutar gas yanzu-yanzu, a bar shi ya huce, don zafin da ya wuce na tafasar ruwa ya fita daga abin da yawancin masu ƙera kilam suka yarda da shi. Kuma ba a yin walda ko yanka a filet yana rataye a bakin kilam.

Yanzu mu zo inda na fi so mu daɗe.

Mai waldan Tudun Wada ba a kawo masa abu ya ce ba ya gyaruwa. Salansar babur, ƙafar kujera, garmar shanu, injin markaɗen da mai shi ya fid da rai, duk sai ya tashe su. Baiwa ce, da ita ake cin abinci, da ita kuma garin nan ke tafiya. Amma kilam shi ne abu guda da nake roƙon ku janye hannunku daga gyaransa, kuma na san roƙon yana da nauyi ga mutumin da gyara ne sana'arsa.

Haƙora sun cinye, sai a ce a ɗora musu walda a fiƙe da giranda. A ido sun dawo sababbi fil. Amma haƙorin asali a masana'anta aka gasa shi aka taurara shi da awo, wutar walda kuwa kashe wannan taurin take yi. Abin da ka ɗora ko dai ya yi laushi ya baje a ɗagawar farko, ko ya yi tauri mai gautsi ya ɓalle ana tsakiyar aiki. Fin ya lanƙwashe, sai a zare shi a zura guntun rodi ko wani ƙarfen da aka tsinta a ƙarƙashin benci. Kauri ɗaya ne, ƙarfi ba ɗaya ba, kuma a kan wannan fin ɗin duk nauyin yake bi. Jiki ya tsage, a bi shi da walda a shafe da fenti, tsagar kuwa tana nan a ciki tana ci gaba da tafiya. Baki ya wage, a sa shi a wuta a daka da guduma ya koma. Bakin da ya wage shaida yake bayarwa cewa an taɓa ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa, ƙarfen ya riga ya miƙe, guduma ba ta mayar masa da abin da ya rasa. Ƙyauren da ka gyara in ya sake ɓallewa, mai shi zai dawo ya yi maka ƙorafi ku sasanta. Kilam ɗin da ka gyara in ya saki, a kan wanda ya fi kusa zai saki.

Gyaran da ya halatta shi ne canji. Kamfanonin kirki suna sayar da harshe da ɗan zagayayyen nan da fin da sifirin daban, na kowane samfuri. A sa na asali, na samfurin da ke hannunka, a gwada shi a kusa da ƙasa kafin ya koma aiki. In jikin ne ya tsage ko ya wage, magana ta ƙare. Amma kada ka miƙa wa ɗan gwangwan shi a yadda yake. Sa masa wutar gas ka raba shi biyu tukuna, in ba haka ba wata biyu za ka gan shi a kasuwa da sabon fenti, wani bawan Allah yana tayawa.

Kulawar yau da kullum ba ta da yawa. Kowace safiya kafin a fara aiki a goge haƙora da burushin waya, a dube su a cikin haske: wanda ya ɓalle, wanda kansa ya baje yana sheƙi. A motsa harshe da kulle a ji suna tafiya ba cijewa. Mai kaɗan a fin da gaɓoɓi, amma kada ɗigo ya taɓa haƙora. Da hunturu ƙura na cakuɗuwa da giris ta daskare a ciki har harshe ya ƙi dawowa, sai a wanke a sake sa sabo. Da damina kuwa a rataye shi a bango cikin shago, ba a bar shi a ƙasa ruwa na bi ta kansa ba. Ba a jefo shi daga kan mota, ba a jan sa a ƙasa, ba a mai da shi guduma.

Shi kuwa kilam ɗin nan mai murɗawa da ake riƙe aiki da shi a kan tebur, ba na ɗagawa ba ne ko kaɗan. Ba shi da haƙorin da ke ƙara cizo, kuma ba don ja aka ƙera shi ba. Haka kunnen da ake ɗisa wa walda biyu a jikin filet a rataya ƙugiya. In kunne za a sa, maigida da kansa ya yi masa cikakkiyar walda da ƙarfen da ya isa, ba a ba ɗan koyo ya ɗan ɗisa ba.

Wajen saye, ko Sabon Gari ka je, ko Panteka ta Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ka nemi sunan kamfani da lambar nauyi da ta kauri a buge a jikin ƙarfen. Wanda ba su, bar shi ko kyauta ne. Na hannu ba laifi ba ne in lafiyarsa lau, amma ka yi shakkar tsohon kilam mai ɗanyen fenti, ka kankare ka ga abin da ke ƙasa. Araha ba ta ado.

Doka ma ta yi magana. Dokar masana'antu ta Najeriya ta 1987 ta ce sarƙoƙi da igiyoyi da sauran kayan ɗaga kaya, wanda ya san aikin ya duba su sosai aƙalla sau ɗaya a kowane wata shida, a rubuta a ajiye, kuma kada a ɗora musu abin da ya wuce iyakarsu. A Ingila ma wata shida ne a dokarsu ta 1998. Mu faɗi gaskiya, ba kasafai jami'in ma'aikatar ƙwadago ke leƙo shagon bakin titi ba. To ƙungiyar masu walda ta unguwa za ta iya ɗaukar wannan nauyi: a ware rana sau biyu a shekara, ɗaya kafin damina ɗaya bayan kaka, kowa ya kawo kilam da sarƙa da cembulok ɗinsa, dattawan sana'a su duba na juna. Idon wani yana ganin tsagar da idon mai kaya ya saba da ita.

Iyayen gida, da ku nake yanzu. Yaron da aka kawo maka koyon aiki ba zai iya ce maka a'a ba. In ka ce, "Shiga ka tallafo shi ta ƙasa," zai ce, "To Oga," ya shiga. Ko ya ga haƙorin ya cinye, kunya da tsoro ba za su bar shi ya faɗa ba, sai in kai ne ka buɗe masa ƙofa tun ranar farko: duk wanda ya ga aibi a kayan ɗagawa ya faɗa, ba zagi, ba duka. In abu ya faru mukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne. Amma haƙorin da ya cinye ya yi watanni yana sanarwa, kuma amanar yaron a wuyanka iyayensa suka ɗora.

Kuma ku tuna yawancin shagunanmu a bakin titi suke. Ana sauke filet, ga ɗan acaba ya kutso, ga mai tallan gyaɗa, ga almajiri ya tsaya kallo, ga 'yan makaranta an tashi. A tsayar da mutum ɗaya wanda ba shi da aikin komai sai tare hanya har a gama. Mutum ɗaya ne kuma zai riƙa ba direba umarni, ba kowa na ihu ta nasa ɓangaren ba. In iskar hadari ta taso a sauke a jira, don filet a tsaye iska na juya shi yadda ta ga dama. Silifas ba takalmin wannan aiki ba ne, a nemi mai ƙarfe a baki.

In kuma, Allah ya kiyaye, filet ya danne wani, kada a ja mutumin. A sa sandunan ƙarfe a ɗaga filet ɗin, a cusa katako ya tokare, sannan a zare shi a hankali. A danne inda jini ke fita da tsumma mai tsabta. Kada a zuba baƙin mai, ko fetur, ko ruwan batir, ko ƙasa. In yatsa ya guntule, a naɗe shi a ƙyalle mai tsabta mai ɗan danshi, a sa a leda a ɗaure, a sa ledar cikin ruwan sanyi mai ƙanƙara, kada ƙanƙarar ta taɓa naman kai tsaye, a tafi da shi tare da mai raunin. Karayar da ta zo da buɗaɗɗen rauni asibiti ake fara kai ta, ba gidan mai ɗori ba. Ga asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, ga asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. A tambayi allurar tetanus ko da raunin ƙarami ne. Ƙafar da nauyi ya danne ta daɗe, ko ba ta fashe ba a kai ta likita ya gani a ranar, don ɓarnar takan kasance a ciki.

A nan za mu dakata. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba sarƙa da cembulok.